Kututturen da Ya Ƙi Shiga Murhu

Lipov Do, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga 'yata Zorana,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Dalibor da jikata Isidora. Wayar da kika saya mini na kashe ta na jefa a aljihun tebur, kada ki wahalar da kanki da bugawa. Abin da zan faɗa ba na waya ba ne, don a waya katse ni kike yi.

Na dawo daga asibiti a Valjevo an cire mini yanar ido. Likita ya ce yanzu zan ga duniya tas. To, abin farko da na gani da sabon idon shi ne babu murhun uwarki. Na tsaya a ƙofar kicin ina ƙifta ido, na ɗauka aikin ne bai yi ba. Inda murhun yake tun kafin a haife ki, sai ga wani farin akwati mai ƙofar gilashi ya zauna kamar gidan ubansa. Goggonki Stamena tana bayana tana murza hannu, ta ce ai ke da mijinki ne kuka zo da ma'aikata kuka yi aikin a yini guda, ni ina kwance ana yanka mini ido. Sannunku da ƙoƙari. Ɓarawo ma yakan jira mai gida ya fita, amma shi ba ya barin takarda a kan tebur wai "Baba, wannan ya fi lafiya."

A cikin wannan murhu uwarki Leposava ta gasa burodin da kika girma da shi. A kansa tukunyar wake take kwana. A jikinsa ake shanya safarki in kin dawo makaranta da dusar ƙanƙara har gwiwa. Mutanenku sun ja shi a ƙasa zuwa ɗakin ajiya, sun karya masa ƙafa ɗaya, sun jingine shi kusa da tsohon keke.

Sai kuma itacena. Da hannuna na sare shi, na faskara, na jera a jikin bango, jerin da duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya kalla. Na shekara uku ne a ajiye, ya bushe ƙayau. Yanzu an cika mini zaure da buhunan leda na garin katako da aka matse ƙwaya-ƙwaya, wai shi zan riƙa zuba wa akwatin ta sama. Maƙwabcina Grujica ya leƙo ta shinge ya ce, "Milutin, an ce yanzu kashin zomo kake ƙonawa?" Ya yi dariya har yana riƙe ciki. Shekara saba'in da ɗoriya ba a taɓa yi mini dariya a kan wuta ba sai da 'yar cikina ta ja mini.

Ban mutu ba tukuna, Zorana. Gidan nan ba gadonki ba ne har yanzu. Ki turo mutanenki su kwashe abinsu, su mayar mini da nawa.

Ki gai da yarinya. Ita ba ta yi mini komai ba.

Mahaifinki,
Milutin

*

Novi Sad, farkon Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka, ya jikin idon? Ka riƙa ɗiga maganin da aka ba ka, na san halinka.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na nemi inda ka ambaci abin da ya faru da Isidora a Kirsimetin bara, ban gani ba. Ka tuna ƙafar murhu, ka tuna dariyar Grujica, ka tuna safata. To bari in tuna maka sauran.

Da safiyar Kirsimeti, bayan ta buga maka wutar murhu da reshe kamar yadda al'ada take, ta zauna a ƙasa tana jan numfashi yana ƙara kamar ana murza tsohuwar ƙofa. Leɓenta ya canza launi. Maganin shaƙa bai yi komai ba. Kai kana tsaye kana cewa sanyi ne ya kama ta, a ba ta shayi da zuma. Dalibor ya ɗauke ta a kafaɗa muka shiga mota, ga hayaƙin bututun kowane gida ya kwanta a kwarin, ko fitilar motar gabanmu ba ma gani. Ni ina baya na riƙe ta ina ƙirga numfashinta. A asibiti aka sa mata robar iska. Likitar ta tambaye ni abu ɗaya: da me ake ɗumama gidan da ta kwana? Yarinya 'yar shekara shida, Baba.

Tun daga ranar nake roƙonka. Bazara ta zo ka ce za a duba. Kaka ta zo ka ce ana girbi. Na ce mu za mu saya mu kafa, ka ce kai ba maroƙi ba ne. Da ka ba ni wata ƙofa da ban shigo ta taga ba. E, na jira ka kwanta asibiti, kuma da za a sake, haka zan sake yi.

Kana maganar murhun Mama kamar wani waliyyi. Mama ta shekara goma tana tari a gaban murhun nan. Kowace bazara tana shafe bango da farar ƙasa, kafin ƙarshen sanyi ya koma baƙi. Abin da ya manne a bangon shi ne ya manne a ƙirjinta. Da ta rasu ka ce tsufa ne. Ni ban taɓa yarda ba, shiru kawai na yi don kana kuka.

Sabon murhun yana ƙona ƙwayar ƙurmus, ƙofarsa a rufe, hayaƙinsa kaɗan ne kuma waje yake fita, tokar mako guda ba ta cika kofi ba. Ba sai ka tashi da asuba hura wuta ba, ba sai ka ɗaga gatari da wannan kafaɗar taka ba. Itacen kuwa ka ba coci, ko ka ba Grujica ya shaƙe da shi.

Ga maganata, kuma ba ta da ta biyu. Isidora ba za ta sake kwana a gidan da ake ƙona itace a cikinsa ba. In akwatin da kake zagi yana nan yana aiki, za mu zo Kirsimeti. In ka mayar da tsohon, ba za ka gan ta ba. Kullum sai ta tambaye ni wa zai buga wa Kaka wuta bana, ni kuma ban san me zan ce mata ba.

Ka kunna wayarka.

'Yarka,
Zorana

*

Lipov Do, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Zorana,

Gaisuwa gare ku duka. Idon lafiya, har ya fi yadda nake so, don yanzu ina iya karanta rubutunki ba tare da tabarau ba.

Wato ni na kashe uwarki. Na gode da kika sanar da ni. Na je kabarinta ranar Lahadi na faɗa mata, ba ta ce komai ba. A kan wannan ba zan ƙara rubuta ko kalma ɗaya ba, kuma ke ma kada ki ƙara.

Akwatinki yana nan, ban taɓa shi da gatari ba, kodayake hannuna ya yi ƙaiƙayi. Bari in ba ki labarinsa tunda kin fi damuwa da lafiyarsa. Yana tashi da kansa, yana kwanciya da kansa, in ransa ya ɓaci ya yi ta tsuwa sai na nemo 'yar na'urar dannawa. Samansa ko kofi ba ya tafasawa. Na aza tukunyar wake tun safe, da yamma na iske waken yana kallona. Da aka ɗauke lantarki ranar da aka yi iska, shi ma ya ɗauke, muka zauna ni da shi muna jiran hukuma. Gaskiya ɗaya zan faɗa don ni ba maƙaryaci ba ne: ɗakin yana ɗumi, kuma da safe ba na kakin baƙar majina kamar da. Kada wannan ya sa kanki ya kumbura.

Yanzu ga tambayata, ke mai ilimi. Ranar jajibirin Kirsimetinmu, shida ga Janairu, zan shiga daji tun kafin rana ta fito in saro badnyak, kututturen itacen hrast da ubana ya saro, kakana ya saro, a shigo da shi gida a aza a wuta ya kwana yana ci. Da safe baƙon farko ya ɗauki reshe ya bugi garwashin, tartsatsi ya tashi, ya yi wa gida addu'ar albarka gwargwadon tartsatsin. Kin san ƙauyen nan namiji ake ba wannan. Ni na karya al'ada na ba Isidora tun tana tatata, har Grujica ya daina yi mini magana wata guda, na ce masa ƙafar jikata ta fi ta 'ya'yansa duka albarka. To, ina zan sa kututturen? Na buɗe ƙofar gilashin na duba. Wurin wutar bai fi tafin hannuna ba. Ko kyanwa ba za ta kwanta a ciki ba, balle kututture.

Kun yi lissafin komai, ke da mijinki, amma wannan ba ku tuna ba, don a birni 'yan rassa kuke saya a bakin kasuwa ku soka a kwalba. Gidan da badnyak bai ci wuta a cikinsa ba, ban san sunansa ba. Uwarki ba ta taɓa ganin haka ba, ni ma ba zan fara a tsufana ba.

Na ɗauki ƙwayar nan ɗaya na auna, ba ta kai gaɓar ƙaramin yatsana ba. A kan wannan abu ake so mutum ya yi Kirsimeti.

Wayar tana inda take.

Mahaifinki,
Milutin

*

Novi Sad, tsakiyar Disamba

Goggo Stamena,

Ina gaishe ki, ya ƙafafun, ya sanyi? Na rubuto ne don na san ba kya jin waya, kuma don in na rubuta wa ƙanenki kai tsaye zan faɗi abin da Allah zai kama ni da shi.

Mai gyaran murhu ya bugo mini jiya, yana ta faɗa kamar ni na yi laifin. Ya ce Baba ya aika an kira shi wai akwatin ya mutu. Da ya kwance shi, sai ya iske an cusa masa gutsattsarin itace, ainihin itace da ɓawonsa, har ƙarfen nan mai murɗawa da ke tura ƙwaya cikin wuta ya cije, injinsa ya ƙone. Ya tambayi Baba wa ya yi wannan aika-aika, Baba ya ce masa shi ba ɗan sanda ba ne, ya yi aikinsa. Mai gyaran ya ce tun da yake sana'ar bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma kayan gyaran ba za su iso ba sai bayan bukukuwa.

Goggo, ni ba yarinya ba ce. Baba ya kasa farfasa akwatin da gatari don kada a ce, shi ne ya shaƙe shi a hankali, don ya samu hujjar mayar da tsohon. Na tabbata yanzu haka murhun Mama yana kicin yana tuƙa hayaƙi, shi kuma yana zaune a gabansa yana jin ya yi nasara. To ya yi. Ya zaɓi kututture ya bar jika.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na ga ya rubuta cewa ya daina kakin baƙar majina, sai na je na gaya wa Isidora za mu tafi. Ta riga ta haɗa jakarta, ta sa jar safar da za ta saka ranar. Yanzu ni ce zan zauna in gaya mata, ba shi ba. Kullum haka ne, shi ya yi taurin kansa, mu mata mu share.

Ki gaya masa ba ma zuwa. Ki gaya masa ya nemi ɗan Grujica ya buga masa wutar. Ke kuma na aiko miki da man shafa na gwiwa ta hannun direban bas.

'Yarki,
Zorana

*

Lipov Do, bayan Sabuwar Shekara

Zorana 'yar ƙanena,

Na gaishe ki, na gai da Dalibor da 'yar tsuntsuwata. Man ya iso, Allah ya saka. Wasiƙarki kuwa ta yi kwanaki a gidan waya don hanya ta toshe da ƙanƙara, da ta zo na karanta, na ji kamar in hau bas in zo in ja kunnenki. Ke da ubanki kanku ɗaya, na dutse, kuma ni ce a tsakiya kuna niƙa ni.

Saƙonki ban kai ba, kuma ba zan kai ba. Ki zauna ki ji abin da na gani da idona, ba abin da kika tabbatar daga Novi Sad ba.

Tun ƙarshen Nuwamba kullum na je sai in iske shi a tsakar gida a kan kututturen faskare, da ƙaramin gatari da almakashin aske itatuwa. Ya saro reshen hrast yana yanka shi mitsi-mitsi. Ya ajiye ƙwayar nan ɗaya a kan gwiwarsa, kowane gutsure sai ya gwada da ita, in ya fi ta girma ya sake yankawa. Mutumin da aka ce kada ya wahalar da ido. Yatsunsa duk sun tsage. Sai ya zuba a farantin gashin burodin uwarki ya aza a kan akwatin wai su bushe. Na ce, Milutin, ka haukace ne? Ya ce in tafi in ji da kajina. Da na dame shi, sai ya ce, "Gwaji nake. In ya ci wannan, ranar jajibiri zan yanka badnyak ɗin haka in zuba masa. Kututture ya ci wuta a cikin gida, yarinya kuma tana cikin gida. Ta bugi gilashin da reshe, ai tartsatsi yana tashi a ciki."

Ina wurin ya zuba. Akwatin ya yi gurnani, ya yi ƙara, ya yi wari, ya mutu. Ubanki ya tsaya yana kallonsa, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun ranar binne Leposava. Wauta ce, ban ce ba wauta ba ce. Amma ba muguntar da kika ɗora masa ba ce.

Murhun uwarki kuwa yana ɗakin ajiya da karyayyar ƙafarsa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Grujica ya zo da 'ya'yansa biyu ya ce su ɗauko masa shi su kafa, aikin rabin yini ne. Ubanki ya kore su har bakin shinge, ya ce duk wanda ya shigo masa da hayaƙi gida sai ya karya masa ƙafa kamar yadda aka karya ta murhun. Kafin akwatin ya mutu ubanki ya riga ya shafe bangon duka da farar ƙasa, ya sa na wanke labule, ya fitar da tsohuwar darduma don tana warin hayaƙi. Ya ce in ya hura itace ko sau ɗaya, warin zai koma bango, aikin ya ɓaci.

To tun ranar babu wuta a gidan nan, Zorana. Ruwa yana daskarewa a bokiti a cikin kicin. Yana kwana da babbar rigarsa da hula, ga itacen shekara uku a jere a bayan tagarsa. Na kai masa 'yar hitar lantarki, wayoyin gidan tsofaffi ne, da an jona sai komai ya ɗauke. Na ce ya dawo wurina, ya ce ba ya kwana gidan mace mai surutu. Ni nake kai masa miya a kwano, kafin in tsallaka hanya ta huce. Ya fara tari, ba irin na da ba, na sanyi.

Na ce ya rubuta miki gaskiya. Ya ce ya gwammace ya daskare da ya gaya wa 'yarsa cewa ya ɓata abinta da wauta. Ke kuma kin gwammace ki yanke masa hukunci da ki hau mota ki leƙo. Ku biyun kun ishe ni. Ni na tsufa, ba zan binne ƙanena saboda akwati ba.

Jiya na iske shi yana wasa gatari na zuwa daji. Bai san kin ce ba kwa zuwa ba.

Goggonki da ta gaji da ku,
Stamena

*

Novi Sad, da gaggawa, ta hannun direban bas

Baba,

Ina gaishe ka. Goggo ta gaya mini komai, kada ka zage ta.

Ban huce ba. Tsoho da kai ka zauna cikin ƙanƙara ka ƙi buɗe baki, ka bar ni ina zaginka a gaban mijina. Dalibor ya zaga gari ya samo injin, za mu taho da shi da wanda zai ɗaura, kafin jajibiri.

Ka saro badnyak ɗinka cikakke, kada ka sake yanka komai. A ƙarshen tsakar gida za a hura shi, can wajen shinge inda iska ke kwashe hayaƙi. Isidora za ta sa takunkumi, ta riƙe dogon reshe, ta buga sau ɗaya, ta koma ciki. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Yau ɗin nan ka kwashi bargonka ka koma gidan Goggo har mu iso. Wannan ba roƙo ba ne.

'Yarka,
Zorana

*

Lipov Do

Zorana,

Gaisuwa. Takardarki ta iso. Goggonki bakinta ba ya rufuwa tun muna yara.

A tsakar gida, na ji. Ubana zai juya a kabarinsa, sai ya juya.

Gidan Stamena ba zan je ba, ki daina ba ni umarni. Itace take ƙonawa. In na kwana can, hayaƙin zai kama rigata, kuma rigar nan ce Isidora take fara runguma in ta sauko daga mota.

Ku yi tuƙi a hankali, gadar ƙasa tana santsi.

Mahaifinki,
Milutin